Wa Zai Ciro Mai Haƙar Rami?

Ranar Lahadi, 7 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta da mutane a Garin Liman, cikin kwamin ta Ɗan Isa a gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya. Ƙidayar farko da magajin garin Ɗan Isa ya bayar ta ce mutum 18 sun rasu, wasu bakwai kuma suna kwance a likita. Washegari Litinin, tun ba a tashi daga zaman makoki ba, gobara ta kama azuzuwan zana na wata makaranta a birnin Maradi, ta ci rayukan yara aƙalla 25. Manyan ƙasa suka sauko daga Yamai suka yi ta'aziyya, hukuma ta ba da umarnin rufe wurin haƙar, majalisar ministoci kuma ta hana zaunar da ƙananan yara cikin azuzuwan zana. Mutuwar yaran ta girgiza ƙasa baki ɗaya, kuma ta cancanci haka. Ta mahaƙan kuwa, ba a jima ba aka daina zancenta, sai ka ce mutuwa cikin rami wani ɓangare ne na ladan aikin.

Abin da ya sa aka tuno da wannan rana shi ne, irin ramin da ya ci mutanen Garin Liman yana nan a kowace gunduma ta jahar Maradi, kuma ba kullum ne zinariya ake nema a cikinsa ba. A ɗauki misalin Gidan Amumune, kwamin ta karkara a gundumar Mayahi, gundumar da Gulbin Kaba ya ratsa, gulbin da ya daɗe da barin gudu sai goruba ke nuna hanyarsa. Ƙasa ce ta jigawa, ta hatsi da wake da riɗi. Da an ɗaure dammuna an kai rumbu, aikin gona ya ƙare sai wata damana, samari kuwa ba su iya zaman wata bakwai hannu sake. Wasu su nufi Kano da Legas ci-rani, wasu Aljeriya da Libiya, wasu kuma, tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a shekarar 2014, su hau mota zuwa hamada da galma da tocila. Waɗanda suka rage a gida su ne masu haƙar rijiya da yasarta, da masu injin niƙa, da masu feshin maganin ƙwari, da masu sayar da fetur a kwalba. Haka abin yake a Tasawa da ƙauyukanta. Da wuya a samu ɗaya daga cikinsu mai takardar ɗaukar aiki ko lambar asusun ma'aikata, kuma ran da ɗayansu ya mutu a bakin aikinsa, babu littafin hukumar da sunansa zai shiga a matsayin wanda aiki ya kashe.

Matsayin wannan jarida a kan batun a fili yake. Mafi yawan irin wannan mutuwa ana iya kauce mata da abin da bai fi ƙarfin kwamin ɗaya ko ɗan kasuwa ɗaya ba, kuma dokar da ƙasa ta rubuta domin kare ran ma'aikaci ta tsaya a ƙofar ofis da ƙofar kamfani, har yau ba ta ƙarasa bakin rijiya ba.

Ya kamata a fara da sanin yadda rami ke kisa, domin wanda bai san cuta ba, ba ya neman maganinta. Hanya ta farko ita ce ruftawa. Rairayin jigawa ba ya riƙe kansa. Muddin aka yi nisa da haƙa ba a ɗaure bango da siminti ko katako ba, to danshi kaɗan, ko girgizar inji, ko tarin ƙasar da aka jibge a bakin ramin ya isa ya kwanto da shi. Ƙasar da ta kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta kimanin tan ɗaya da rabi ne, wato buhu 15 na hatsi masu kilo 100. Wanda irin wannan nauyi ya danne wa ƙirji, ko da kansa yana waje, numfashi na iya gagararsa. A wuraren zinariya haɗarin ya ninka, saboda ramukan suna kusa da juna, kowa yana bin jijiyar dutsen ta ƙarƙashin ƙasa har ginshiƙin da ke tsakanin rami da rami ya sirance. Ran da ɗaya ya faɗa, sai ya ja maƙwabtansa.

Hanya ta biyu ta fi ta farko mugunta don ba a ganinta, ita ce gurɓacewar iska. A iskar da ake shaƙa a sarari, kashi 21 cikin 100 oksijin ne. A gindin tsohuwar rijiya, inda ganye da tsuntsaye da ɓeraye suka faɗa suka ruɓe, wata iska mai nauyi takan taru ta kore shi. Wata tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma idan ta yi yawa sai ta kashe jin wari, mai yasar ya zaci ta wuce. Mafi muni shi ne injin jan ruwa mai shan fetur da ake saukarwa cikin rijiya ko a girke a bakinta, domin hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da launi ba ta da wari, mai fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ta ƙare da suma. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta jure rashin oksijin fiye da minti huɗu zuwa shida kafin ta fara lalacewa. Tsofaffin mahaƙa sun san da wannan, shi ya sa wasunsu ke zura fitila mai harshen wuta kafin su sauka, in ta mutu su dakata. Dabara ce mai amfani, sai dai ba ta nuna gubar hayaƙin inji.

A nan ne musiba ɗaya ke zama uku. Mutum ya sume a gindin rijiya, ƙaninsa da ke riƙe da igiya ya kira shi bai amsa ba, sai ya sauka babu wani shiri, shi ma ya sume, maƙwabci ya bi bayansu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi tun shekarar 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu ƙuncin iska, masu kai ɗauki ne. In haka ne a ƙasar da ke da kayan aiki, ina ga ƙauyen da kayan cetonsa guga ne da igiya? Zuciyar da ke sa mutum ya faɗa rijiya domin ɗan'uwansa abin yabo ce, amma ita ce ke ƙara yawan kaburbura, matuƙar ba a koya wa jama'a cewa ba a shiga sai an hura iska, sai an ɗaura wa mai shiga igiya ta biyu a jiki, sai kuma akwai ƙarfafa a sama da za su iya jawo shi in ya sume.

Akwai kuma kisan da ba ya zuwa rana ɗaya. Ƙurar dutsen zinariya da ake dakawa a turmi ko a niƙa a bushe tana shiga huhu ta zauna har ya ƙandare. Cutar ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Saurayin da ya dawo daga Jado da babur da salula, bayan wasu shekaru a gan shi yana tari yana ramewa, sai a ce sammu ne ko iska. Zaibar da ake ƙonawa domin tace zinariya, hayaƙinta yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, na mai ƙonawa da na wanda ke zaune kusa da shi. Wanda ke shakka ya dubi abin da ya faru a maƙwabta: a shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400, saboda ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana niƙawa a inda yara ke rarrafe. Haɗarin aiki ba ya tsayawa kan mai aikin kaɗai, yakan bi shi har ɗaki.

Da yawan dokoki ne ke tsare rai, da ma'aikacin Nijar ba shi da abin tsoro. Tun shekarar 1965 aka kafa asusun ma'aikata na CNSS, tare da reshen da ke biyan magani da diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aikinsa. An yi dokar ƙwadago a shekarar 1996, aka maye gurbinta da doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba na 2012, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar aiki kare rai da lafiyar ma'aikatansa, da koya musu haɗarin aikin, da kafa kwamitin tsaro da lafiya a kamfanin da ma'aikatansa suka kai adadin da aka ƙayyade. A shekarar 2009 Nijar ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 155 da 161 da 187 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, kuma a watan Yuni na 2022 ƙungiyar ta sanya yin aiki cikin aminci da lafiya a jerin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, sahu ɗaya da hana bauta da hana aikin yara. Ita dai ƙungiyar ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda aikinsu, wajen 330,000 ta hanyar haɗari, sauran kuma ta hanyar cututtuka. Duk ranar 28 ga Afrilu ana bikin ranar duniya ta wannan batu, ranar 30 ga Afrilu kuma ta Afirka, a yi jawabai a manyan birane, a raba riguna da huluna.

To, wa duk wannan ya shafa? Ya shafi mai takardar albashi. Alhali kuwa fiye da tara cikin goma na masu neman abinci a ƙasar nan ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Doka ta ce a kai rahoton haɗarin aiki cikin awa 48, amma wa zai kai rahoton mai yasar rijiyar da gari ya tara wa kuɗi, ko yaron injin niƙa da ake biya da tiyar hatsi? Sufeton ƙwadago yana zaune a babban birnin jaha, aikinsa ya fi karkata ga rigimar sallama da bashin albashi, kuma jahar da ke da ƙauyuka dubbai ba ta zagayuwa da ƙafa. Kuɗin da mai ɗaukar aiki ke zubawa a reshen haɗarin aiki na CNSS kashi 1.75 ne cikin 100 na albashi. A kan mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma jikka 42 daga farkon shekarar 2024, wannan reshe kaɗai bai wuce dala 147 a wata ba. Gaskiya ne akwai sauran rassa da ake biya tare da shi, na iyali da na fansho, amma lissafin ya nuna cewa tsada ba ita ce ta hana a samar wa mahaƙi irin wannan kariya ba. Abin da ya hana shi ne ba a zauna an tsara masa ƙofar shiga ba.

Ko a inda doka ta isa, samun haƙƙi sai da gwagwarmaya. A Arlit, inda kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a shekarar 1971, COMINAK kuma a 1978, sai da ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ta gayyato masu binciken CRIIRAD daga Faransa a shekarar 2003 kafin duniya ta ji batun ruwan sha da ƙura da tsofaffin ƙarafan kamfani da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da guba. A shekarar 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa kamfanin Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe, tsohon ma'aikacin COMINAK, da ciwon dajin huhu ya kashe, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Iyalinsa dai sun samu alƙalin da ya saurare su. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris na 2021, aka bar tarin dusar ma'adini na kimanin tan miliyan 20 a bayan gari, ɗaruruwan ma'aikatan ƴan kwangila kuma suka yi ta kokawa cewa ba a yi musu sallama irin ta ma'aikatan kamfani ba, alhali ƙura ɗaya suka shaƙa. Idan mai hular kwano da takalmin ƙarfe da ƙungiyar ƙwadago a bayansa ya sha wannan wahala, mai karatu ya auna halin wanda ke sauka rijiya da gajeren wando.

Wani abin lura shi ne, babban haɗari yakan ɓuya ne a lokacin gyara, a babbar masana'anta ko a rumfar bakin kasuwa. Lokacin gyara ne ake cire murfin da ke kare inji, ake sa hannu inda ba a sawa, ake shiga tankin da ba a shiga, kuma lokacin ne wani da bai san akwai mutum a ciki ba zai zo ya kunna. Yasar rijiya gyara ce. Mai injin niƙa da ke son mayar da bel ba tare da ya kashe injin ba don kada mata su gaji da jira, da bakin rigarsa ko mayafin yarinya bel ɗin zai fara kamawa. Mai walda da ke liƙe tankin fetur da aka zazzage, yana zaton babu komai a ciki, alhali tururin da ya rage ne ke fashewa. Ƙa'idar da manyan kamfanoni ke bi ba ta fi ƙarfin kowa ba: a kashe inji, mai gyara ya riƙe makulli a aljihunsa, kada kowa ya kunna sai shi. Wannan ba ya cin ko dala, sai dai ya ci minti goma na ciniki.

Sai batun masu ceto. Ƴan kwana-kwana na ƙasar nan sojoji ne, ana kiransu ta lamba 18, kuma duk wanda ya ga aikinsu a gobarar kasuwa ko a ambaliya ya san ba su rasa zuciya ba. Amma daga Maradi zuwa Mayahi kusan kilomita 90 ne, daga can kuma sai a shiga rairayi kafin a kai ƙauye. Wanda ya sume a rijiya minti shida gare shi. Ke nan, ko da motar ta tashi nan take, gawa za ta tarar. Ainihin mai ceto a Gidan Amumune shi ne manomin da ke kusa, bayansa mai amalanke, bayansa manjon likitar CSI, wanda za a kawo wa mutumin da ƙasa ta danne ko wanda maganin feshi ya bugar, da tsakar dare, ya duba shi da hasken salula. Waɗannan ukun su ne ya kamata a ba horo da kaya tun farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kansu masu ceto ma'aikata ne, kuma rayukansu da hankalinsu suna cikin abin da dokar aiki ya kamata ta tsare. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu na 2019, tankar fetur ta kife ta fashe kusa da filin jirgin sama na Yamai, ta hallaka fiye da mutum 70. Akwai waɗanda suka kwashe gawawwakin da hannunsu, kamar yadda akwai waɗanda suka ɗauko yaran makarantar Maradi daga cikin toka a 2021, da ma'aikatan likita da suka kwana kan masu amai da gudawa a annobar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018. Irin wannan gani ba ya barin mutum yadda ya same shi. Wani barci zai gagare shi, wani ya koma mai saurin fushi da iyalinsa, wani ya nemi mafaka a ƙwaya. Al'adar bariki ta ce soja ba ya kuka, al'adar gari ta ce namiji ba ya faɗin abin da ke cinsa, sai ciwon ya zauna a ciki. Haƙƙin ɗan kwana-kwana ne a ba shi tukunyar iskar numfashi da kayan sauka rami, haƙƙin ma'aikacin likita ne a ba shi safar hannu da allurar rigakafin ciwon hanta, kuma haƙƙinsu ne duka a ba su hutu bayan babban haɗari da masanin da za su zauna da shi. Ƙasar da ke tura mutum cikin wuta, tilas ta tambayi yadda ya fito.

Za a ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Babu musulmin da ke jayayya da ajali. Amma malaman da ake ji a masallatan Mayahi da Tasawa su ne ke karantar da cewa dogara ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Ɗan kasuwar da ke cewa mutuwar mahaƙinsa ƙaddara ce, shi ne ke sa kwaɗo biyu a ƙofar shagonsa ya kuma ɗauki mai gadi. Direban da ke cewa ƙaddara, yana duba birki kafin ya ɗauki hanyar Agadas. In an tsare dukiya da sababi, an bar ran talaka ga ƙaddara kaɗai, to wannan sakaci ne aka sa wa rigar addini.

Za a kuma ce talauci ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba wanda ke shiga rami mai zurfin gaba ashirin don nishaɗi; rumbun da ya ƙare tun kafin bazara ne ke tura shi. Shi ya sa rufe wurin haƙa kaɗai bai taɓa zama magani ba. A shekarar 2017 gwamnati ta rufe Jado, mahaƙa suka watsu zuwa wasu wurare, daga baya aka koma. Rufewa takan mai da aikin na dare da na ɓoye, inda ba ingarman da zai duba bango, ba wanda zai kai rahoto in an mutu. Ƙasa ta sake dokar ma'adinai a shekarar 2022, kuma dokar ta san da haƙar gargajiya. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da ita a bakin rami: a ƙayyade tazara tsakanin ramuka, a tilasta ɗaure bango, a dakatar da haƙa lokacin damana, a hana yara sauka, a kuma san sunan mai kowane rami domin a san wanda za a tambaya.

Kada a ce mutanen karkara ba su karɓar sabon abu, domin tarihin yankin nan ya ƙaryata haka. Tun shekarun 1960 hukumar OFEDES ta gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, tana ɗaure bango tun daga sama har ƙasa, kuma da yawansu har yau ana jan ruwa a cikinsu. Mahaƙan da suka koyi aikin sun yaɗa shi. Na kusa kuma shi ne buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS, da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu binciken INRAN na Maradi daga shekarar 2007. Kafin zuwansa, ana cusa ƙwayar Phostoxin cikin buhunan wake a ɗakin da ake kwana, ko a yayyafa maganin da aka tsallako da shi daga iyaka ba a san ƙarfinsa ba. Buhun yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, babu guba ko kaɗan, kuma ya yaɗu ne saboda an gwada shi a gaban jama'a a ƙauyuka, ƴan kasuwa kuma suka kai shi kasuwannin mako. Rigakafi ya shiga gari ta hannun ɗan kasuwa, manomi ya tsira, ɗan kasuwa ya ci riba.

Saboda haka, nauyi na farko yana kan gwamnati. Ya kamata ma'aikatar ƙwadago da CNSS su buɗe wa masu sana'ar hannu hanyar shiga reshen haɗarin aiki ta ƙungiyoyinsu, da kuɗin da ake biya a kaka lokacin da akwai abin biya. Ya kamata a umarci kowace likitar CSI da kowane ofishin jandarma su riƙa rubuta sana'ar wanda ya ji rauni ko ya mutu da abin da ya same shi, a tattara a fitar da lissafin duk shekara, domin abin da ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi. Ya kamata kuma ƴan kwana-kwana su riƙa fita ƙauyuka da rani suna koyar da mahaƙa da matasa yadda ake hura iska a rijiya da yadda ake ciro wanda ya sume.

Nauyi na biyu yana kan kwamin. Tun watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙon ƙwarya, amma harajin kasuwa da na kai ba su daina shiga ba, hidimar jama'a ma ba ta faɗi ba. Kwamin kamar Gidan Amumune tana iya rubuta sunayen mahaƙanta, ta sayi ƙarfe mai ƙafa uku da ake kafawa a bakin rijiya, da igiyoyi masu ƙarfi, da ɗamarar jiki, da hular kwano, da injin hura iska, ta ajiye a hannun mai gari ana ara ana mayarwa. Kuɗinsu bai kai abin da ake kashewa a tarbar baƙo ɗaya daga Yamai ba. Ma'aikatan gwamnati masu rubuta takardun kwangilar rijiya da famfo da makaranta, a hannunsu ne a sa sharaɗin kayan tsaro a cikin takarda, a kuma ƙi sa hannu a biya wanda bai cika ba. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka kai ga Taron Ƙasa na shekarar 1991, lokaci ya yi da za su tuna cewa mafi yawan masu ƙwadago ba su da albashin da za a yi yajin aiki a kansa.

Nauyi na uku yana kan ƴan kasuwa, kuma shi ne mafi kusa. Alhazai ne ke ba da jarin ramin zinariya, su ciyar da mahaƙa, su ɗauki kasonsu in an dace. Su ne masu injin niƙa da gidajen walda da motocin ɗaukar kaya. Su ne kuma ke haƙa rijiya sadaka domin iyayensu da suka rasu, abin da kowa ke yi musu fatan alheri a kansa. Mai neman lada da ruwa, bai kamata ya fara da marayu ba. Kafin a yanka farashin aiki, a sa kuɗin siminti da igiya da hular kwano a ciki, a kuma yi magana a gaban shaidu kan abin da za a ba iyali in wani abu ya faru. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maradi da Tasawa da Mayahi suna da ƙarfin da za su mai da wannan al'ada tsakaninsu ba tare da jiran wata doka ba.

Duk wanda ya sha ruwa a karkarar Mayahi, wani ne ya sauka ƙasa ya nemo masa shi, kuma wani ne zai sake sauka ran da rijiyar ta cike. Mutanen nan ba su nemi lambar girma ba. Abin da suke bin ƙasa bashi shi ne igiya ta biyu, da iskar da za su shaƙa, da bangon da ba zai rufta ba, da wanda ya iya ciro su, da sunansu a littafin hukuma in ajali ya same su a bakin aiki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a Garin Liman da sauran ramuka, Ya ba masu iko da masu dukiya ikon sauke wannan nauyi tun kafin a sake kiransu ta'aziyya.